Jeren Darajar Jami'o'i da Gwamnatoci ke Fitarwa: Nazarin Amfaninsa ga Ɗalibin Matameye

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce auna amfanin jeren darajar jami'o'i da makarantun koyon aikin injiniya, irin wanda hukumomin gwamnati ke fitarwa, ga ɗalibin da ke shirin zaɓen makaranta a garin Matameye na gundumar Kance, jihar Damagaram. An zaɓi garin ne saboda matsayinsa. Yana kan hanyar da ta taso daga Damagaram ta bi ta Ɗan Barto ta shiga Najeriya wajen Daura, ta zarce Kano. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, alhali mutumin Matameye na iya sammako ya isa Kano ya yi azahar a can. Saboda haka yaron da ya ci jarabawar bak, wato ta kammala sakandare, a wannan yanki yana da tsarin ilimi biyu a gabansa: na Faransanci a arewa da yamma, na Ingilishi a kudu.

Matsayar maƙalar ita ce jeren da ke sa jami'a sukutum a lamba ta ɗaya, ta biyu, ta uku, yana amsa tambayar ma'aikatar ilimi da shugabannin jami'o'i, amma kaɗan yake amsawa daga cikin tambayoyin wannan ɗalibi da iyayensa. Abin da zai amfane su shi ne bayani kwas-kwas, wanda aka tabbatar da sahihancinsa, aka kuma gina shi a kan tantancewa.

A nan, "jeren daraja" na nufin jera makarantu daga sama zuwa ƙasa bisa jimillar maki. "Tantancewa" na nufin hukuncin da hukuma ke yankewa cewa wani kwas ya cika mafi ƙarancin sharuɗɗa ko bai cika ba. "Ma'auni" shi ne abin da ake ƙirgawa, "nauyi" kuma shi ne kason da aka ba shi a cikin jimilla.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Jeren daraja na zamani ya samo asali ne daga kafofin labarai. Mujallar U.S. News ta Amurka ta fara nata a 1983. Na duniya kuwa ya soma da jeren Shanghai a 2003, sai na Times Higher Education da QS a 2004, waɗanda daga baya suka raba gari kowa ya kama nasa. Dill da Soo (2005) da Usher da Savino (2006) sun kwatanta jere daban-daban, suka nuna cewa kowanne yana da tasa ma'anar "inganci", kuma mafi yawan ma'aunan suna ƙirga abin da makaranta ta mallaka ne, irin su malamai da kuɗi da suna, fiye da abin da ɗalibi ya koya. Salmi da Saroyan (2007) sun dubi jere a matsayin kayan aikin tsara manufa, suka ga yana iya tilasta wa jami'o'i bayyana bayanansu a ƙasashen da tsarin tabbatar da inganci yake da rauni, tare da jan kunne a kan illar amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba. Hazelkorn (2011) ta bi diddigin yadda shugabannin jami'o'i da gwamnatoci ke sauya tsare-tsarensu domin hawa jere.

Aikin da ya fi dacewa da wannan nazari shi ne na Espeland da Sauder (2007) a kan makarantun koyon lauya a Amurka. Sun nuna cewa awo yana sauya halin wanda ake aunawa: da zarar makaranta ta san abin da ake ƙirgawa, sai ta karkata kuɗinta da lokacinta wajen. Wannan shi maƙalar ke kira "tasirin awo". Ƙa'idojin Berlin na 2006 sun yi ƙoƙarin rage illar, inda suka nemi masu jere su bayyana manufarsu da hanyarsu, su yi la'akari da bambancin manufofin makarantu da na harshe da tarihi, su kuma yi amfani da bayanan da aka tabbatar.

Galibin waɗannan ayyuka sun ɗauka cewa ɗalibi yana zaɓe ne a cikin ƙasa ɗaya da harshe ɗaya. Halin ɗalibin bakin iyaka ya saɓa wa wannan zato, kuma a nan ne maƙalar ke son sa baki.

3.0 Hanyar Gudanar da Nazari

An bi hanyar kwatanta tsare-tsare. An ɗauki uku: jeren Hukumar Kula da Jami'o'i ta Najeriya, wato NUC, tsarin NIRF na Indiya, saboda shi ne fitaccen misalin jeren gwamnati mai fitowa duk shekara kuma mai ware makarantun injiniya, da tsarin CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta wasu ƙasashen Afirka, wanda Nijar take ciki. An gwada kowanne da tambayoyi huɗu da iyali ke fuskanta kafin tura yaro karatu: ko za a karɓi shaidar kammalawarsa inda zai nemi aiki, ko akwai kayan koyon aikin da hannu, shekara nawa karatun zai ci a zahiri, da kuma nawa zai ci a aljihu. An haɗa da misalin lissafi guda na ƙirƙira domin nuna aikin nauyi.

4.0 Nazari

4.1 Tsare-tsaren Uku

An kafa NUC a 1962, ta zama hukuma mai cikakken iko a doka a 1974. Tun farkon shekarun 1990 take tantance kwasa-kwasai, hukuncinta kuma iri uku ne: cikakkiyar amincewa ta shekara 5, amincewar wucin gadi ta shekara 2, da ƙin amincewa, wanda ke dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai a kwas ɗin. Ta fara jera jami'o'i a farkon shekarun 2000, zamanin da Farfesa Peter Okebukola ke jagorantarta, daga bisani aikin ya tsaya na tsawon shekaru. A wannan tsakani jere na bogi ya riƙa yawo da sunanta, har ta sha fitowa tana musantawa. A 2021, ƙarƙashin Farfesa Abubakar Adamu Rasheed, tsohon shugaban Jami'ar Bayero, aka fitar da sabon jere na jami'o'i 113, Jami'ar Ibadan ta zo ta ɗaya. Daga cikin ma'aunansa akwai kason kwasa-kwasai masu cikakkiyar amincewa, yawan ɗalibai ga kowane malami, kason farfesoshi, baƙin ɗalibai da malamai, da yawan ambaton ayyukan malamai a Google Scholar.

Indiya ta ƙaddamar da NIRF a 2015, jeren farko ya fito a 2016. A rukunin injiniya, koyarwa da kayan koyarwa suna da kashi 30, bincike 30, sakamakon masu kammalawa 20, buɗe ƙofa ga mata da marasa galihu da ƴan wasu jihohi 10, sai kallon da masana da masu ɗaukar aiki ke yi wa makaranta 10. Cibiyar IIT ta Madras ce ke kan gaba a wannan rukuni tun daga jeren farko.

CAMES kuwa an kafa ta ne a Yamai a 1968, hedkwatarta tana Wagadugu. Aikinta bai shafi jera jami'o'i ba. Tana duba cancantar malamai domin ƙarin girma, tana kuma amincewa da shaidun karatu da daidaita su tsakanin ƙasashen da ke cikinta, shirin da ya samo tushe daga yarjejeniyar Lome ta 1972. Hukuncinta a kan kwas ne, ko an amince ko ba a amince ba.

4.2 Nauyi Zaɓi ne na Mai Jere

A ɗauki makarantu biyu na misali. Ta farko ta samu 80 a bincike, 50 a koyarwa. Ta biyu ta samu 40 a bincike, 85 a koyarwa. Idan aka ba ɓangarorin nauyi daidai, ta farko tana da 65, ta biyu 62.5. Idan aka ba koyarwa kashi 70, bincike 30, ta farko za ta sauko 59, ta biyu ta haura 71.5. Ba a ƙara malami ko ɗaya ba, ba a sayi na'ura ko ɗaya ba, amma ta ɗaya ta koma ta biyu. Duk wanda ya taɓa awon hatsi a kasuwannin bakin iyaka ya san buhu guda yana ba da lissafi biyu, gwargwadon ko da tiya aka auna ko da mudu, shi ya sa mai saye ke tambayar ma'auni kafin ya tambayi farashi. Mai karanta jere, musamman wanda ya iso masa a matsayin hoto a WhatsApp, lambar kawai yake gani, bayanin nauyin ya tsaya a rahoton da ba ya zuwa hannunsa.

Wannan bai sa jere ya zama ƙarya ba. Ya dai nuna cewa lambar da makaranta ta samu tana ɗauke da hukuncin kwamitin da ya raba nauyin. Idan kwamitin na gwamnati ne, hukuncin yana fitowa da hatimin hukuma, jama'a kuma su ɗauke shi tamkar sakamakon jarabawa. Ga kuma wata matsala da ta keɓanta da jeren gwamnati: mai awon shi ne mai da yawa daga cikin makarantun, shi ke ba su kuɗi, shi ke amincewa da ɗaukar malamansu. Jami'ar da ta zo ƙasa saboda ƙarancin malamai tana karɓar maki ne a kan shawarar da ma'aikata ta yanke.

4.3 Shekaru da Harshe

Jami'ar Ibadan ta fara a 1948, ta Ahmadu Bello a Zariya a 1962. A Nijar, cibiyar da ta zama Jami'ar Abdou Moumouni ta fara a 1971. Jami'o'in Damagaram da Maraɗi da Tawa an kafa su a 2010, a kan tubalin cibiyoyin koyon fasaha da suka riga su, sai na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi a 2014. Farfesa ba ya samuwa a shekara biyar, haka ma ɗakin karatu da tarin ambato. Duk jeren da zai haɗa jami'o'in gwamnati takwas ɗin nan a layi ɗaya bisa yawan farfesoshi da maƙalu, an san sakamakonsa tun kafin a tara bayanai, domin shekarun kafuwa zai maimaita. Illarsa ga Jami'ar André Salifou ta Damagaram a fili take: ɗaliban yankin masu ƙarfi za su ƙara karkata zuwa Yamai, inda cunkoso ya riga ya yi yawa, alhali rage wannan cunkoso na daga cikin dalilan kafa jami'o'in jihohi.

Batun harshe ya fi wannan zurfi. Rumbunan da ake ƙirga bincike da su, irin su Scopus da Web of Science, mujallun Ingilishi ne suka rinjaye su. Yankin Matameye da kansa ya ba da misali. Binciken Larwanou da Abdoulaye da Reij na 2006 ya nuna yadda manoman Magarya da Matameye da Mirya suka raya itatuwa a gonakinsu, musamman gawo, ta hanyar barin tsiro da kula da shi, a faɗin ƙasar da aka ƙiyasta ta kai kadada miliyan 1. Wannan aiki ya sauya yadda duniya ke maganar hamada a Sahel, kuma ya fito ne a matsayin rahoto da Faransanci. Ma'aunin da ke ƙirga maƙalun mujallu kaɗai ba shi da gurbin irin wannan aiki, balle littafin jagora da aka rubuta wa manoman rake da masu lambu na kwarin Korama da Hausa. Idan aka ɗora ƙarin kuɗi a kan irin wannan ma'auni, tasirin awo zai janye malami daga rijiyar lambu da matsalar gangarewar ruwan ƙasa zuwa batun da mujallar waje za ta karɓa.

Akwai kuma ma'aunin baƙin ɗalibai. Yaron Matameye da ya shiga jami'a a Katsina ko Kano, a takarda baƙo ne daga ƙasar waje, yana ƙara wa jami'ar maki, ko da kuwa kakarsa ƴar Daura ce. Haka ɗan Kano da ke karatu a Maraɗi. An ƙirƙiri ma'aunin ne domin nuna cewa sunan makaranta ya kai nesa. A ƙasar Hausa abin da yake nunawa sau da yawa shi ne kusancin makaranta da iyaka.

4.4 Makarantun Injiniya

A fannin injiniya ne tazarar da ke tsakanin jere da buƙatar ɗalibi ta fi fitowa. Jami'a na iya zuwa sama saboda ƙarfin sashen likitanci ko na aikin gona, alhali sashen injiniyanta yana kan amincewar wucin gadi. Ɗalibi kuwa sashe yake shiga. A Najeriya, ban da NUC, majalisar COREN da aka kafa a 1970 tana tantance kwasa-kwasan injiniya, ita ce kuma ke yi wa injiniyoyi rajista. A 2023 ta zama mamba ta wucin gadi a Yarjejeniyar Washington ta 1989, wadda ke sa ƙasashen da suka sa hannu su amince da kwasa-kwasan da junansu suka tantance. Ga mai son aikin injiniya, sanin matsayin kwas a wajen COREN ya fi sanin lambar jami'a amfani. Kwalejojin fasaha kuma, irin ta tarayya da ke Daura, suna ƙarƙashin hukumar NBTE ta Kaduna, saboda haka ba sa cikin jeren NUC sam, duk da cewa suna cikin mafi kusa da ɗan Matameye.

A ɓangaren Nijar ma horon injiniya da fasaha a warwatse yake: makarantar EMIG ta ma'adinai da masana'antu a Yamai, cibiyar fasaha ta jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi mai koyar da gine-gine da lantarki da kanikanci, da ta Damagaram. Manufofinsu da tsawon karatunsu sun bambanta. Cibiyar da ke horar da ƙwararren ma'aikaci cikin shekara 2 ko 3 ba a kafa ta domin wallafa maƙalu ba, auna ta da wannan zalunci ne ga aikinta.

Ko ma'aunin kayan aiki yana buƙatar kulawa. Fom yana tambayar yawan na'urori da kuɗin da aka kashe. Injin sassaƙa ƙarfe da ke lulluɓe da leda saboda babu wuta, ko babu ma'aikacin da ya iya sarrafa shi, yana shiga lissafi daidai da wanda ke aiki kullum. A ɗakin gwajin da ɗalibai 40 suka kewaye na'ura ɗaya, mutum biyu ne ke taɓa ta, sauran suna kwafar lambobi daga littafin na gaba. Abin da ya kamata a ƙirga shi ne sa'o'in da ɗalibi ya yi hannunsa na kan kayan aiki, da makonnin da ya yi a wurin koyon aiki, ko a matatar mai ta SORAZ da ta fara aiki a 2011, ko a kamfanin gina hanya, ko wajen masu kafa famfon hasken rana. Wannan ba ya tabbatuwa sai da ziyara da ganawa da ɗalibai.

4.5 Sahihancin Bayanai

Yawancin bayanan jere makarantu ne da kansu ke miƙa su. A 2022 Farfesa Michael Thaddeus na Jami'ar Columbia ya nuna cewa wasu alƙaluman da jami'arsa ta bayar ba daidai ba ne, ta faɗo daga ta 2 zuwa ta 18 a jeren U.S. News. A Indiya, yawaitar maƙalun da mujallu ke janyewa ta sa NIRF ta fara rage maki saboda su a 2025. Idan haka ta faru a inda ake da ma'aikatan ƙididdiga da ƴan jarida masu bin diddigi, ƙasar da ke son fara jere tana buƙatar ta fara da rajistar ɗalibai da malamai wadda za a iya bincika. Malamin da ke koyarwa a jami'o'i uku, kowacce na iya sa sunansa a cikin nata.

4.6 Tambayoyin da Jere Bai Amsa Ba

Daga cikin tambayoyi huɗu na sashe na 3.0, ta farko tantancewa ce ke amsa ta. A Janairun 2024 Najeriya ta dakatar da karɓar shaidun digiri daga Benin da Togo bayan binciken wani ɗan jarida. Darasin ga iyalan bakin iyaka shi ne darajar takarda tana rataye ne a kan amincewar hukumar ƙasar da za a yi aiki. Amincewar CAMES ba ta wajabta wa Abuja komai, ta NUC ma ba ta wajabta wa Yamai. Yarjejeniyar Addis Ababa ta 2014 ta shimfiɗa hanyar amincewa da shaidu a Afirka, amma mai takarda har yanzu sai ya bi ofis-ofis neman daidaitawa.

Tambaya ta uku, ta tsawon lokaci, ita ce ta fi ci wa iyaye tuwo a ƙwarya. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 ya rufe jami'o'in gwamnatin Najeriya wata 8. A Nijar ma yajin malamai da na ɗalibai a kan jinkirin kuɗin tallafi sun sha sa shekarun karatu su hau kan juna. Ga ɗan Matameye akwai ƙarin rufe iyaka, kamar na 2019 zuwa 2020 da na 2023. Manomin da ya sayar da rake ko raguna bisa lissafin shekara 3, idan karatu ya kai 5, ƙanen ɗalibin ne ke biyan bambancin da nasa karatun, sau da yawa kuma ƙanwarsa. Alƙalami guda, wato matsakaicin shekarun da ɗalibai ke yi kafin su kammala kowane kwas, zai fi duk wani jere amfani ga wannan manomi, kuma kowace jami'a tana da bayanin a ofishin rajistarta.

4.7 Siffar Tsarin da Zai Dace

Idan hukumomin ilimi mai zurfi na Nijar suka zaɓi bai wa jama'a bayanin kwatanci, akwai misalan da suka fi layi ɗaya dacewa. Cibiyar CHE ta Jamus tana kwatanta fanni da fanni, tana kuma sa sassa a rukunin sama, tsakiya ko ƙasa a kan kowane ma'auni, ba tare da jimilla ɗaya ba. Tsarin AQRM na Tarayyar Afirka yana auna makaranta da mizani, bai gwara ta da wata ba. A ƙasa mai jami'o'in gwamnati ƴan ƙalilan, rukunawa irin wannan ta fi aminci, domin bambancin maki 2 tsakanin makarantu biyu na iya zama kuskuren cike fom kawai.

Ga kowane kwas, takardar bayani za ta ƙunshi matsayinsa na tantancewa da ranar ƙarewarsa, yawan malamai na dindindin, sa'o'in aikin hannu, matsakaicin shekarun kammalawa, kuɗin rajista da na masauki, da halin da waɗanda suka kammala suke ciki bayan shekara guda. Hukumar da za ta tabbatar da alƙaluman ta kasance dabam da wadda ke rabon kuɗi, kuma kada a ɗaura kasafi a kan sakamakon har sai an yi zagaye biyu ko uku ana gyara bayanan. Da yake Hausa ce harshen kasuwa da gida a ɓangarorin iyakar biyu, ya kamata takardar ta fito da Hausa tare da Faransanci, a karanta ta a gidajen rediyon al'umma, a kuma kai ta makarantun sakandare na Matameye da Kance da Magarya tun kafin jarabawar bak, lokacin da ɗalibai da iyayensu ke yanke shawara. Hukumomin Yamai da na Abuja kuma za su iya musayar sunayen kwasa-kwasan da kowacce ta tantance sau ɗaya a shekara, a wallafa su wuri guda.